Haraji a Ƙasar Hausa: Daga Kuɗin Ƙasa Zuwa Harajin Kuɗin Shiga

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun harajin da mutum ke biya a kan kansa da dukiyarsa a ƙasar Hausa. Kowane irin haraji yana tsaye ne a kan abubuwa uku, watau ma'aunin da ake yanka shi da shi, da hannun da ke karɓarsa, da lissafin da ake bayarwa bayan an karɓa. Za mu ga cewa duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya gurgunce, talakawa da fatake sukan nuna rashin yardarsu.

Zamanin Sarakunan Haɓe da Jihadi

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi (1623-1648) shi ne ya fara karɓar jangali daga Fulani. A zamanin Kumbari (1731-1743) aka tsananta haraji a Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, aka kuma ɗora wa malamai, abin da ya sa Larabawa suka yi ƙaura zuwa Katsina. Wannan shi ne darasi na farko: harajin da ya ci uwar kuɗi tare da riba yakan kashe kasuwar da ake tatsa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin zaluncin sarakuna, domin Shari'a ba ta ɗora su ba. Zakka kuwa tana da ƙa'ida sananniya: akwai nisabi, wanda duk wanda bai kai shi ba babu kome a kansa, akwai kuma ƙayyadadden rabo, ɗaya cikin arba'in na kuɗi, ɗaya cikin goma na hatsin damina. Duk da haka, tsofaffin haraji ba su ɓace ba bayan jihadin 1804. Baturen nan Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 na kuɗin ƙasa, kowane ramin rini kuma wuri 700 na kuɗin karofi. Jakadu ne ke karɓa a madadin hakimai mazauna birni, kowa yana cire nasa kafin saura ya isa fada.

Zamanin Turawa da Baitulmali

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya kafa dokokin haraji na 1904 da 1906, waɗanda suka nufi haɗe ire-iren kuɗaɗen nan su zama haraji guda, a raba tsakanin gwamnati da sarauta. Aka fitar da hakimai su zauna a gundumominsu, aka janye jakadu. A wasu wurare aka auna gonaki da taki. A mafi yawa kuwa sai a yanka wa ƙauye jimla guda, dagaci da masu unguwa su rarraba wa mazaje baligai.

Ta fuskar lissafi, babban canji shi ne baitulmali, wanda Palmer ya fara gwadawa a Katsina, aka kuma yaɗa shi a masarautu daga 1911. A nan ne aka raba aljihun sarki da taskar jama'a. Sarki da alƙali da hakimi suka koma kan albashi. Ma'aji ya riƙe littafin kuɗin shiga da na fita. Aka riƙa yin kasafi kafin shekara ta kama. Mai biya kuma ya sami rasit. Sai dai lissafin nan Razdan ake yi wa shi, ba a yi wa mai biya. Daɗin daɗawa, da aka nace sai an biya da sule maimakon wuri ko hatsi, dole manomi ya noma abin sayarwa. Wannan yana cikin dalilan bunƙasar gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Bayan Mulkin Kai

Aibin harajin jimla shi ne bai cika bambanta mai shi da marar shi ba, ga kuma wulaƙancin da ake yi wa wanda ya kasa biya. Kukan da jam'iyyar NEPU ta yi ta yi ke nan tun 1950. A 1979 gwamnonin PRP, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali.

A gefe guda kuma harajin kuɗin shiga yana ta ginuwa. Dokar 1961 ta daidaita ƙa'idojinsa tsakanin yankuna, doka mai lamba 104 ta 1993 ta maye gurbinta. Hikimarsa ita ce a tara abin da mutum ya samu a shekara, a cire rangwamen da doka ta yarda da shi, saura a yanka masa kaso mai hauhawa gwargwadon yawansa. Ma'aikaci ana cire nasa daga albashi kowane wata. Ɗan kasuwa kuwa sai an san ribarsa, riba kuma ba ta sanuwa sai da littafin ciniki. Dokar haraji ta 2025 ta yafe naira 800,000 na farko, abin da ya yi kama da hikimar nisabi.

Kammalawa

A taƙaice, ma'auni ya gyaru ƙwarai daga ƙirgen kawuna zuwa auna samu, hannun karɓa ma ya tashi daga jakada zuwa ofis. Abu na uku ne ya rage. Kamar yadda hukuma ke neman ɗan kasuwa ya buɗe littafinsa, haka shi ma yake da haƙƙin ganin nata, ya san inda kuɗinsa ya shiga. Muna fata mahalarta wannan taro za su duba takardun baitulmali da ke ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, domin akwai sauran aiki a wannan fage.