Baƙo a Ƙasarsa: Malanville da Tarihin Haƙƙin Waɗanda Aka Raba da Gidajensu

Garin Malanville yana bakin Kogin Kwara, a ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin. A ƙetaren ruwa akwai Gaya ta ƙasar Nijar, gada kuwa ta haɗa su. Faransawa ne suka ba garin wannan suna don tunawa da Henri Malan, gwamnansu na Dahomi. Dendawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa suna cin kasuwarsa tare.

Wannan gada ta daɗe tana raba masu wahala kashi biyu. Mutumin da ya gudu ya haye ta, ya shiga wata ƙasa, yana da suna a dokar duniya. Shi ne ɗan gudun hijira. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 sun tsare shi. Amma wanda ya gudu daga ƙauyensu ya tsaya wannan gefe na kogi, shekara da shekaru ba shi da wata doka tasa. An ɗauka gwamnatinsa za ta kula da shi. In ta manta, ba mai tambaya.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san iri biyun nan. Yusufu da Maryamu sun ƙetare iyaka zuwa Masar. Dawuda kuwa, lokacin da Saul yake farautarsa, ya yi ta ɓuya cikin kogwanni da jejin Yahuza, ƙasarsa ta haihuwa.

A 1992 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa Francis Deng, wani masani daga kudancin Sudan, ya bincika halin irin mutanen nan. A 1998 ya gabatar da ƙa'idodi 30. Tushensu shi ne, mulkin ƙasa amana ne, wanda ya rasa gidansa kuma bai rasa haƙƙinsa na ɗan ƙasa ba. Amma ƙa'idodin nan jagora ne kawai. Afirka ce ta fara mai da su yarjejeniya mai ɗaure ƙasashe, a Kamfala ta Yuganda, ran 23 ga Oktoba, 2009. Ta fara aiki ran 6 ga Disamba, 2012. Benin tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. A 2018 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta kafa dokar gida a kanta.

Tsakanin sa hannu da fara aiki, ruwa ya nuna amfanin yarjejeniyar. A daminar 2010 Benin ta ga ambaliyar da ba ta ga irinta ba tun 1963. Ta shafi ƙananan hukumomi 55 cikin 77, da mutane wajen 680,000. Malanville da maƙwabciyarta Karimama suna ciki. A 2013 kogin ya sāke cika ya malale gidaje da gonakin wuraren nan biyu. Mutanen da ruwa ya kora ba su haye iyaka ba. Yarjejeniyar Kamfala kuwa ta ambaci bala'in ruwa da sauyin yanayi, ba yaƙi kaɗai ba.

Daga baya bindiga ta zo. A Fabrairun 2022 'yan bindiga suka kashe mutum 9 a Gandun Daji na W. A Afrilun 2025 gwamnati ta sanar da mutuwar sojoji 54 a wannan yanki. Tsoro ya sa iyalai da yawa na jihar Alibori suka bar ƙauyukansu suka nufi garuruwa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 an rufe gadar, ciniki ya karye, masu saukar baƙi su ma suka shiga matsi.

To, mene ne haƙƙin mutumin da aka raba da gidansa? Yarjejeniyar ta faɗa a fili. A tsare ransa, a ba shi abinci da wurin kwana da magani, 'ya'yansa su yi makaranta. In takardunsa sun ɓace, hukuma ta ba shi waɗansu ba tare da ta ce sai ya koma garinsu ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama yaron da ba shi da takardar haihuwa yakan sha wuya wajen rubuta jarrabawa. Kada a tilasta masa komawa inda ransa yake cikin hatsari. Shi zai zaɓa ko ya koma, ko ya zauna, ko ya nemi wani wuri. A kuma taimaki waɗanda suka sauke shi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tun kafin a rubuta doka, mutanen bakin kogi sun saba shimfiɗa wa baƙo tabarma a zaure. Wannan alheri ne mai kyau, amma rumbun mai gida yakan ƙare. Abin da shekarun 1998 da 2009 suka ƙara shi ne, taimakon nan ya zama bashi a wuyan hukuma. Gwauruwar da ruwa ko bindiga ta kora daga Karimama, in ta tsaya gaban magajin garin Malanville tana neman takarda, haƙƙinta take nema. Ya kamata limamai da fastoci da masu unguwanni su san wannan, su kuma raka ta har ƙofar ofis.