Daga Ina Sunan Raƙumi Ya Zo Mana?

A nan Jidda, idan ka nuna wa Balarabe raƙumi zai ce maka jamal, taguwa kuma naƙa, garkensu ibil. Babu ko ɗaya da ya yi kama da namu sunan. Ni dai wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, domin yawancinmu mun taso da zaton duk abin da ya shafi hamada daga Larabawa muka samo shi.

Turawa kam daga wannan yanki suka aro nasu. Mutanen Holan suna cewa kameel, wanda ya fito daga camelus na Latin. Romawa sun karɓa daga Girkawa, su kuma daga harsunan dangin Larabci da Ibrananci.

Namu ta wata hanya ya biyo. Masana harshe, ciki har da Maarten Kossmann na Jami'ar Laidin a Holan, wanda ya wallafa littafi a 2005 kan kalmomin da Hausa ta aro daga harsunan Amazig, dangin yaren Buzaye, sun danganta "raƙumi" da algham, sunan dabbar a waɗannan harsuna. Ka cire a ta farko, ka mayar da l ta koma r, gh ta koma ƙ, sai ga raƙumi ya fito. Wannan sauyi na l zuwa r shi ya fi ɗaukar hankalina. Kalmomin da suka shigo da malamai, irin su alƙali da alƙalami, sun riƙe al ɗinsu daram. Wadda bakin Bahaushe ya tauna haka kuwa, ta jima a gida.

Tarihin Kano ya ambaci Sarki Abdullahi Burja (1438-1452) a matsayin wanda ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa. A ganina sunan ya riga mallakar isowa. Mutum na iya ganin dabba a ayarin baƙi daga Arewa, ya san sunanta, tun kafin sarkinsa ya ɗaure ta a gida. Daga baya fatake suka kai kalmar Kudu, har yau Yarbawa rakunmi suke cewa.

Da Bahaushe ya ga dogon wuya a jeji, sai ya ce raƙumin dawa. Girkawa ma raƙumi suka gani, suka haɗa shi da damisa saboda zanen jikinsa. A yaren jikokin mutanen Holan da ke Afirka ta Kudu, ƙarshen kalmar ya zama "doki", suna kiran shi kameelperd, wato raƙumi-doki.