Kogin Ubangi

Kogin Ubangi kogi ne a Afirka ta Tsakiya, kuma shi ne mafi girma cikin kogunan da ke kwarara cikin Kogin Kongo ta gefen dama. Yana somawa ne daga mahaɗar kogunan Mbomou da Uele kusa da garin Yakoma. A mafi yawan tsawonsa, shi ne iyaka tsakanin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Faransawa sun kafa birnin Bangui a gaɓarsa ranar 26 ga Yuni, 1889.

Cika da janyewar ruwa

Damina ce ke juya rayuwar kogin. Bangui na samun ruwan sama kimanin milimita 1,500 a shekara. Kogin yakan cika maƙil a watannin Oktoba da Nuwamba, ya ja baya sosai a Maris da Afrilu, har tsibiran yashi su bayyana a tsakiyarsa. Tun daga shekarun 1970, lokacin da fari ya addabi yankin Sahel, ruwansa ya ragu, watannin da manyan jiragen ruwa ke iya isowa Bangui daga Brazzaville su ma suka ragu. Idan ruwa ya janye, kayan da ake saukewa a kasuwar Kilomita Biyar ta Bangui, unguwar da Hausawa da sauran Musulmi 'yan kasuwa ke zaune, kan dogara ga manyan motoci daga Douala ta Kamaru.

A watan Oktoban 2019, kogin ya yi ambaliya, ya raba dubban mazauna Bangui da gidajensu.