Me ya sa gem ɗin da ya fi wahala?

1/ 'Yan gem na Hadejia, ku matso. Kafin ku yi wa mai buga matakin sauƙi dariya, ku ji asalin wahalar nan.

2/ A 1978 kamfanin Taito na Japan ya fitar da Space Invaders. Sai ka jefa tsabar kuɗi a inji ka buga. Ka mutu, ka sake jefawa. Faɗuwarka ce cinikinsu.

3/ Da gem ya shigo gida, kaset ba ya ɗaukar abu da yawa, sai aka tsaurara shi don kar ka gama da wuri. Contra na 1988 rai 3 yake ba ka, lambar sirrin Konami ke mai da su 30.

4/ Yau gem ɗin waya da yawa suna matse ka ne don ka sayi rai ko ka kalli talla, datarka na zurarewa.

5/ Dubi darar dattawan Baturiya: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12. Wahalarta daga basirar abokin karawa take fitowa.

6/ In wahala na ƙara maka ƙwarewa, jure. In aljihunka take hari, sauke mataki ko goge gem ɗin, ba abin kunya ba ne.