Wakafi: Dukiyar Da Ba A Gadonta

Bayan hijira zuwa Madina a shekarar 622, ruwan sha mai daɗi ya yi wa Musulmi wuya. Ga rijiyar Ruma nan, amma mai ita sayar da ruwan yake yi. Kasuwanci ne halal, abin da ya samu nasa ne da magadansa. Sayyidina Usman ɗan Affan, wanda shi ma hamshaƙin attajiri ne, ya sayi rijiyar ya bar wa jama'a, gugansa daidai da gugan kowa.

Ƙa'idar irin wannan sadaka, wato wakafi, ta fito fili a gonar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibar bayan an ci garin a 628. Da ya nemi shawarar Annabi (SAW), aka nuna masa ya riƙe asalin gonar, ya sadaukar da amfaninta. Umar ya gindaya sharaɗi: ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. Mai kula da ita kuwa zai iya ci daidai gwargwado, domin wanda ya yi wahala ya cancanci hakkinsa.

Da yawa sun ɗauka wakafi ba ruwansa da neman kuɗi, kuma wannan kuskure ne babba. A 1552 Hurrem Sultan, matar Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman, ta kafa gidan ciyar da mabukata a birnin Ƙudus. Ta ɗaura masa kuɗin shigar ƙauyuka, da kantuna, da gidajen wanka, da masana'antun sabulu. Waɗannan duk ciniki suke yi, ana karɓar haya, ana rubuta lissafi kamar a rumfar kowane ɗan kasuwa. Inda hanya ta rabu shi ne ranar da riba ta taru: ta attajiri aljihunsa take shiga, ta wakafi kuwa tukunyar talakawa take komawa. Har yau ana dafa abinci a gidan nan.

Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ma a nan ta ja layi. Kamfani na iya raba riba ga masu hannun jari, amma ƙungiyar da aka yi wa rajista ƙarƙashin amintattu an hana ta raba wa membobinta. A Kano, Hukumar Zakka da Hubusi ce aka ɗora wa kula da dukiyar wakafi.