Ranin da Tiga Ta Shafe

Mu da muka taso a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni mun san koren ruwa tun muna yara. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini sukan cika da damina, in zafin bazara ya kankama ruwan ya ja baya, sai gansakuka ta rufe shi kamar an zuba fenti. Iyaye kan hana mu wanka a ciki, kuma suna da gaskiya. Wani nau'in wannan kore yana fitar da guba mai taɓa hanta, wadda ko tafasa ruwan ba ya kashe ta. Abu uku yake so: zafi, ruwa mai kwanciya, da abinci irin takin zamani da ƙazantar kwata.

Sai da muka girma muka gane cewa ruwan famfonmu ma daga kwantaccen ruwa yake fitowa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974, daidai lokacin da fari ya gigita Arewa. Ta Challawa da ke Ƙaraye ta biyo baya a 1992. Ba mai musun alherinsu. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa daga Tiga suke sha, haka ruwan da ake tacewa a Tamburawa a turo cikin birni.

Amma ruwan ba a Kano yake tsayawa ba. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda a da yakan yi ambaliya a ƙarshen damina ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, da rani kuma ya ƙafe har a taka yashinsa. Wannan ƙafewar ita ke kashe ciyawar ruwa kowace shekara. Da madatsun suka zo, babbar ambaliya ta ragu, ruwa kuma ya koma silalowa shekara cur. Sai kacala ta sami gida. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata ta mashigar Marma zuwa Nguru yana cin gonaki, wasu garuruwan na gaba kuma suna neman ɗigo. Masunta suka rasa inda za su jefa koma, tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya suna far wa gero da shinkafa. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan: ka gyara matsala a nan, ta ɓullo a inda ba ka duba ba.

Yawan ruwan da ke cikin tafki shawarar mutane ce. A 1992 an rage tsayin mazubar Tiga da mita 3.5 don kare ginin, abin da take riƙewa ya ragu sosai. A Amurka ma rigimar ke nan a tafkin Okeechobee na jihar Florida, mai cike da takin gonaki. In ya cika aka saki ruwa don kada shingensa ya fashe, koren gubar sai ya bi koguna zuwa bakin teku. A 2016 sai da gwamnan jihar ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda shi.

Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa kwaikwayon tsohon kogin, a saki ruwa da yawa da damina, a bar shi ya ƙafe na wasu makonni da rani. A takarda abu ne mai sauƙi. Sai dai makonnin da manomin Nguru ke so a rufe ƙofar Tiga su ne makonnin da mai tumatir a Kadawa ya fi bukatar ban-ruwa, su ne kuma muke leƙen titi muna jiran mai kurar ruwa.