Yaɓe da Indararo: Yadda Kakanninmu Suka Tsare Gida Daga Ruwa

Ƴan uwa na Kiyeshe da sauran garuruwan Arewa, wanda ya je Dogon Dutsi ko Yamai ya ga yara masu wankin mota da babur. Suna riƙe da wani inji mai feso ruwa da ƙarfi. Da ruwan ya taɓa ƙarfe, sai laka ta faɗi. A ƙasashen Turai da Amurka, da irin wannan inji ne ake wanke bangon gida, da daɓen ƙofar gida, da hanyar ruwa ta bakin rufi.

Wannan inji ba tsohon abu ba ne. Wani Bajamushe mai suna Alfred Kärcher ya ƙera irinsa mai ruwan zafi a shekarar 1950. Ƙarfin ruwansa ya ninka na famfo sau 30, ko fiye. An yi shi ne domin ƙarfe da dutse da siminti. A can, sanyi da danshi suna sa gansakuka ta kama bango, sai a wanke ta. Mu kuwa da laka muke gini. Bangon laka ba ya son wanka. In aka juya masa wannan inji, ba datti kaɗai zai tafi ba, har bangon zai bi ruwa.

To, yaya mutanen da suka yi?

A ƙauyukanmu na Dallol Mawri, yawancin ɗakuna na kara ne ko na laka, da jinka ta ciyawa. Jinka tana da gangare, ruwa ba ya tsayawa a kanta. Gyaranta shi ne a yanko shuci, a yi sabuwar baibaya. Ɗakin soro ya zo da tasa matsala. Rufinsa a shimfiɗe yake: a jera itace, a sa zana ko kara, a zuba ƙasa a daɓe. In ruwa ya kwana a bisa, sai ya yi nauyi, ya ɓula, ya ruɓar da itacen. Don haka magina suka yi indararo. Wasu na tukwane ne, mata masu ginin tukunya ke gasa su. Wasu na itacen giginya ne da aka fafe. Daga baya aka koma na kwano. Ana yin sa da tsawo, don ruwa ya zuba nesa da gindin bango.

Aiki na biyu shi ne yaɓe. Da bazara, kafin hadari na fari, ana cuɗa laka da yayi ko kashin shanu, a bar ta ta kwana biyu ta tsima, sannan a shafe bango. Inda akwai ɗorawa, ana jiƙa ɓawonta a sami makuba, a zuba cikin laka don ta hana ruwa shiga. A Kano, magina suna ɗebo katsi daga marina su haɗa laso, wanda ya fi makuba jimiri. Aikin na gayya ne. Maza na cuɗa, mata da yara na ɗauko ruwa. Mu nan mun yi sa'a, don rijiyoyin cikin dallol ba su da zurfi kamar na bisa tudu.

Kada wani ya ce laka kayan talaka ce. Hasumiyar masallacin Agadas ta laka ce. An gina ta wajen 1515, aka sabunta ta a 1844, tsawonta mita 27. A Jenne ta ƙasar Mali, an sake gina babban masallaci a 1907, kuma mutanen garin suna fitowa gaba ɗaya su yaɓe shi a rana guda. Kusa da mu, a Yama cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a a 1962, kuma a 1986 ginin ya sami kyautar Aga Khan. Duk waɗannan, gyara ne ya tsayar da su.

Da masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki a 1966, siminti da kwano suka yi ta shiga garuruwa. Nan ne, a ganina, muka yi kuskure guda. Mutane da yawa sun shafa siminti bisa bangon laka, suka ce sun huta da yaɓe. Amma siminti ba ya kama laka sosai. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta baya, bango ya jiƙe daga ciki ba a gani. Ran nan sai ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya. Ga kuma leda, wadda kakanninmu ba su sani ba. Ita ce yanzu ke toshe indararo da kwata.

Daminar 2024 ta nuna mana haɗarin. A Nijar fiye da mutum 300 suka rasu, da yawansu gini ne ya faɗa musu. Fiye da mutum miliyan ɗaya ruwan ya shafa. A ranar 3 ga Satumba ta wannan shekara, tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Shi ma da laka aka gina shi, irin wadda ke bangon ɗakunanmu na Kiyeshe.